Gidan da Na Tsallake

Maradun, Litinin

Zuwa ga ɗana Habibullahi, malamin makaranta a Talata Mafara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina iyali, ina fama da yara? Allah ya jiƙan mahaifinka, abokina. Maƙwabcina Malam Ishaq tela ke riƙe da alƙalami, ni baki ne nawa. Ka san ban taɓa zama aji ba.

Takardarka ta iso. Ka ce kun shirya taron karanta waƙoƙi ran Asabar, jama'a su saurara su yi tambayoyi, kowane mai waƙa minti goma. Sai da na sa Ishaq ya maimaita wurin, na zaci kunnena ne. Habibu, waƙar da ke kaina ba tawa ba ce. Baffana Malam Yakubu ya tsara ta shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya hau garinmu, Tungar Haidar. Gida sittin da huɗu ne, kowane gida da baitinsa. Daga mashaya ake farawa, a bi lungu-lungu har masallaci, in an ambaci gida 'ya'yan gidan su amsa da addu'a. Ni in ina yin ta, tafiya nake cikin garin, ina ganin kowane zaure. To wa zan bari cikin ruwa don minti goma ta ishe ku?

Zan zo, don mahaifinka. Amma in na fara ba a tsai da ni. Ka gai da mutanen gida.

Ni ne babanka,
Gwadabe

*

Talata Mafara, Lahadi

Zuwa ga Baba Gwadabe.

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Ina fatan ka isa gida lafiya, gajiya kuma ta bi lafiya.

Baba, na rubuto ne in ba da haƙuri. Na karya alkawari. Ka haura minti arba'in, baƙin da suka zo daga Gusau suna ta kallona, la'asar ta gabato, shi ya sa na karɓi lasifika na ce a yi tambayoyi. Tambayoyin ma ba su yi daɗi ba. Wanda ya tambaye ka ko da wane ma'auni aka gina waƙar, ka ce masa da ƙafa aka auna ta, har yanzu ana dariyarsa. Da ka ci gaba kuma, ka faɗa a gaban jama'a cewa na ɓatar da kai hanya. Na karɓa.

Akwai abin da ba ka gani ba. Bayan an watse na tarar da wata dattijuwa zaune a bakin ƙofa ta ƙi tashi. Hajiya Turai, daga Bakura. Ta ce ka tsallake gidan mahaifinta. Na gaya mata laifina ne, ta ce ba da ni take magana ba. Ta nemi inda za ta same ka, na faɗa mata.

Ɗanka mai biyayya,
Habibullahi

*

Bakura, Laraba

Gwadabe,

Sallama da gaisuwa. Ina tsufa? Na gan ka ran Asabar, ya kama ka da kyau.

Turai ce, ɗiyar Gambo mahauci, in ka manta. Kai ne mai laɓewa bayan tukubar babana kana jiran tsire ya faɗo, in bai faɗo ba ka taimaka masa. Shekara arba'in da wani abu rabona da kai. Da na ji za ka yi waƙar Malam Yakubu, na bar ɗalibaina na Islamiyya, na hau mota da wannan gwiwa tawa, na zauna kan benci ina jin samari suna karanta soyayya daga waya. Duk na daure don baiti ɗaya. Ka ambaci gidan Ɗanbaba, jikokinsa suka amsa. Na gyara mayafi, na buɗe baki zan ce Allah ya jiƙan Gambo, sai na ji ka a bakin rijiya. Gwadabe, tsakanin Ɗanbaba da rijiya akwai mu.

Yaron nan ya ce shi ya ruɗa ka. Ni na lissafa. A gidan liman ya tsai da kai, ka yi gida bakwai lafiya lau kafin ka zo namu. Ka gaya mini gaskiya, mi babana ya yi maka?

Na bar ka lafiya.
Turai

*

Maradun, Asabar

Zuwa ga 'yar'uwata Turai.

Wa alaikumus salam. Ina gwiwa? Allah ya sawwaƙe. Bakinki dai bai tsufa ba.

Kwana biyu takardarki na aljihuna. Ishaq ya ce in ba zan faɗi gaskiya ba in nemi wani marubuci, shi yana da ɗinki. To ga ta.

Gambo bai yi mini komai ba sai alheri. Baitin ne ya tafi. Tun daminar bara, in na zo ƙarshen katangar Ɗanbaba sai in tsaya. Ina ganin zaurenku, ina ganin fatun da aka shanya, har ƙamshin tukuba ina ji, amma kalma ɗaya ba ta zuwa. Na koma mashaya na sake tahowa ya fi sau ɗari. Na yi a gona, na yi a kan tabarma bayan azahar. Kullum nan nake tsayawa. Ban gaya wa kowa ba. Mutumin da aka sani da abu ɗaya a duniya, da wane baki zai ce abin yana zubewa?

Ran Asabar na yi fatan ba wani naku a wurin. Na tsallake da gudu, na ɗora wa ɗan mutane laifi a gaban baƙinsa, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ɗauka. Wanga abu ya fi mantuwar ci mini rai.

Ba ku kaɗai ba ne. Gidan Tasi'u maƙeri ma ya fara rawa, da na Ummu Hani mai koko. Na gaji, Turai. Ina tuna mahaifiyarki tana rera baitinku in tana daka. Ɗango biyar ne. In akwai abin da ya rage a kanki, ki taimake ni.

Ɗan'uwanki,
Gwadabe

*

Bakura, Talata

Gwadabe,

Na amsa gaisuwa. Da tun bara ka faɗa, da yayata Jidda na da rai, ita ta riƙe shi duka. Ni biyu na samu, na farko da na ƙarshe:

Gidan Gambo, wuƙa da gaskiya,
Maraya bai wuce nan da yunwa ba.

Na tsakiya ukun na neme su har kaina ya yi ciwo. Akwai sauran mutanenmu a Kaya da Garbadu, ka daina ɓoyo. Kuma ka nemi gafarar yaron nan.

Allah ya sa mu gama lafiya.
Turai

*

Maradun, Alhamis

Ɗana Habibullahi,

Sallama. Ka yafe mini. Ba kai ka ɓatar da ni ba, kaina ne, kuma zan faɗi haka a gaban jama'a.

Ka sake kiran taro. Ka aika Bakura da Kaya da Garbadu, duk tsohon Tungar Haidar a zaunar da shi a gaba. In na tsaya, kada a yi tafi, a jira ko wani zai ɗauka. A gidan Gambo ɗango biyu zan faɗa. In ba wanda ya kawo sauran, kada wani mai ilmi ya cike mana da nasa.

Ka yi shi kafin damina. Ban san gida nawa za su rage a kaina zuwa lokacin ba.

Babanka,
Gwadabe