Goron Gwaggo Falmata ta Tagar Jirgin Nguru

Zuwa ga mahaifina, Malam Bukar mai kifi,

Assalamu alaikum, Baba, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma ni zan karanta maka, kana katse ni kana cewa boko ya koya mini kewaye-kewaye. Yau ba mai katse ni, kuma shi ne ya fi ciwo.

Gida lafiya. Inna na fama da gwiwarta, har yanzu ba ta yarda a ɗaga buzunka daga soro. Rumfarka tana hannuna, kuma ka kwantar da hankali, ba a haifi wanda zai sayar mini da banda mai tsutsa ba. An yi mini namiji, ya ci sunanka, Abba muke ce masa.

Babban labarin shi ne jirgin Nguru ya dawo.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Duk labarin layin nan da kake ba mu, da kunnen ɗan kasuwa nake jin sa, ina rage rabi. Yadda kakanmu ya ɗauki ƙarfen dogo a kafaɗa zamanin Turawa. Yadda taragai ke shigowa Kano maƙare da gyaɗa da fatu da shanu. Yadda ƙamshin kifi ke riga jirgi isowa tasha. Ni da na yi wayo me na tarar? Layin da ciyawa ta cinye, awaki kwance a kai, masu tumatir sun baza kaya tsakanin ƙarafa. Sai in ce a raina, tsohon nan ya iya talla.

Wanda na fi rage wa kuwa shi ne na ƙanwarka, Gwaggo Falmata, da ke aure a ƙauyen nan na gaba da Ringim. Ka ce wurin ba tasha, sai dai jirgi ya rage gudu a kwanar tsamiya, kai ka cilla mata ƙullin goro ta taga, ita ta cillo maka daddawa. A ciwonka na ƙarshe ka riƙe hannuna ka ce in jirgin ya dawo in kai mata goronta, ta taga, ba a mota ba. Har koya mini ka yi: a naɗe da ɗanyen ganye, a ɗaure da ƙyalle, a saki tun kafin a iso ta, jirgi ne zai ƙarasa kai mata. Na ce to. Wa ke musu da mara lafiya?

Da na ji jirgin ya fara tafiya, na sayi goro daushe mai kyau, na hau adaidaita sahu daga Dala zuwa tasha. Ban kira kowa a ƙauyen ba. Na ce in ba kowa a gindin tsamiyar, kunyar ta tsaya tsakanina da kai.

Baba, ashe kai ne ma kake rage rabi! Da ya yi kukan nan, har cikin haƙarƙarina na ji shi. Masu tumatir suka kwashe farantansu kamar sun sha yi, ƙarfen da na ɗauka ya mutu yana ɗauke da gari guda na mutane. Tsofaffi a bakin gonaki suna ajiye fartanya suna ɗaga hannu biyu. Me suke gani wanda ni ban gani ba?

Muna wuce Ringim na matsa bakin taga da goron a hannu. Rabona da Gwaggo tun zaman makokinka, kuma tun a lokacin idonta ya tafi. In ba ta nan, wa zan jefa wa? Maganarka ta ƙarshe ta bushe a hannuna kenan?

Sai jirgi ya rage gudu. Ga tsamiya. Ga wata 'yar tsohuwa da sanda, jikarta na riƙe da gwiwar hannunta.

Hannuna ya so ya jira, ka san ɗan kasuwa ba ya sakin kaya sai ya ga ƙwayar idon mai saye. Na rufe ido na saki da wuri kamar yadda ka ce. Wallahi a gaban ƙafarta ya sauka. Ita ma ta ɗaga hannu ta cillo nata, amma ƙarfin ya tafi, sai ya faɗa ta tagar taragon baya. Na ce shi ke nan, ya zama rabon wani. Can sai ga ƙullin yana tahowa hannu zuwa hannu, ana cigiyar mai goro. A ƙasar da ake zare wa mutum waya yana tsakiyar magana, ko ƙullin ba a kwance ba.

Da na kira jikar daga Nguru, ta ce tun ranar da suka fara jin kukan jirgi Gwaggo ke sa a fito da ita, ƙulli a hannu, duk wucewa. Sun tuna mata cewa ka rasu. Ta ce ta sani, ai da ita aka yi zaman makoki, amma Bukar ba ya barin magana a ƙasa.

Inna ta kaɗa miyar kuka da daddawar. Ta kai loma ɗaya, ta tashi ta shiga ɗaki, muka ƙyale ta.

Saƙonka ya isa, Baba. Abba na yin ƙwari zan koya masa sakin da wuri. Allah ya haskaka makwancinka, ya haɗa mu a inda ba sai an yi jifa ta taga ba.

Ɗanka da ya daina rage rabi,
Modu