Rasuwar Malam Yona Shekwolo da Garmar da Aka Ɗauke a Ƙofar Gidansa

Cikin alhini mai nauyi, da kuma ɓacin ran da ba mu ga dalilin ɓoye shi ba, Ƙungiyar Manoman Doya ta Tungan Zamani da Kewaye, ƙarƙashin jagorancin shugabanta da majalisar dattawanta, ta samu labarin rasuwar ubanta, malaminta kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Mai Girma Malam Yona Shekwolo, Sarkin Noman Tungan Zamani, tsohon malamin gona, kuma ɗan takarar kujerar Majalisar Dokokin Jiha a mazaɓarmu, wanda Allah ya yi wa rasuwa da hantsin ranar Talatar da ta gabata a wani asibiti da ke Minna, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da uku. Ya bar matarsa, Mama Liyatu Shekwolo, da 'ya'ya biyar, da jikoki, da babban wansa, Baba Zamani, wanda shi ne dattijon gidan.

Marigayin ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin malamin gona, kuma duk wanda ya san yankinmu ya san cewa kujerar ofis ba ta san shi ba. A bisa tsohon babur ɗinsa ya yi aikin, garmarsa ɗaure a baya, daga wannan tunga zuwa waccan, rani da damina. Shi ya koya wa iyayenmu yanka irin doya ƙanana a shafa masa toka, a lokacin da suke yi masa dariya suna cewa boko ya juya masa kai, har sai da suka ga gonarsa da idonsu suka dawo suna sunkuyar da kai. Shi ya tsaya tsayin daka har matanmu suka samu rumfa tasu a kasuwar Paiko, suka daina zube doya a bakin titi 'yan kamasho suna yi musu cinikin wulakanci. Idan rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi, ko tsakanin masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, Malam Yona ake nema kafin a nemi hukuma, domin ba ya tsoron gaya wa nasa gaskiya.

Ba shi ya nemi takara ba. Mu muka je gidansa har sau uku, muka ce mun gaji da wakilan da ba ma ganinsu sai a jikin fosta, wakilan da ba za su iya nuna hanyar garuruwanmu ba ko da an ɗora su a kanta. Da ya amsa, ya ci zaɓen fidda gwani a fili, rana tsaka, a gaban kowa. Yaƙin neman zaɓensa kuwa bai yi kama da na kowa ba. Ba ya hawa dandamali. Idan ya isa gari sai ya tambayi inda ake gayya, ya kwance garmarsa ya shiga sahu yana ta da kunyar doya, a nan cikin gumi yake jin kukan mutane, su kuma su ji abin da zai iya da abin da ba zai iya ba. Har ta kai yara suna kiransa Mai Garma, sunan kuma ya bi shi har cikin Minna.

Da a nan ya kamata wannan saƙo ya tsaya, mu sanar da ranar jana'iza, mu yi addu'a. Amma tun da aka kafa ƙungiyar nan, wannan ne karo na farko da muke fitar da ta'aziyya ba mu da ranar da za mu faɗa wa jama'a, kuma wajibi ne a san dalili.

A al'adar garuruwanmu, Kirista da Musulmi duk ɗaya, idan magidanci ya rasu ana fito da kujerarsa a ajiye a ƙofar gida, a ɗora garmarsa a kai. Ba mai zama a kujerar, ba mai ɗaga garmar. Mai gaisuwa yakan rusuna ya taɓa ƙotar ya wuce wurin iyali. Ranar binnewa, dattijon gida ne ke ɗaukar ta, da ita ake yin saran farko na kabarin mai ita, daga nan sauran masu haƙa su ci gaba. Ko yaron da bai fara zuwa gona ba ya san wannan.

Ranar Laraba, kwana ɗaya tak da rasuwar, wata tawagar jami'an jam'iyya ta taso daga Minna cikin motoci shida ta sauka a gidan marigayin da sunan ta'aziyya. Tare da su akwai Cif Moses Ɗanladi, ɗan kasuwa mazaunin birni, wanda ya nemi wannan kujera Malam Yona ya kayar da shi a zaɓen fidda gwani. A gaban dattawa, a gaban mata masu kuka, aka ɗaga garmar marigayin aka damƙa wa Cif Moses, aka zaunar da shi a kujerar da ba a zama, masu ɗaukar hoto suka yi ta aikinsu. Mama Liyatu ta zabura ta ɗaga hannu. Kafin mutane su farga daga mamaki, an jefa garmar a bayan mota, tawagar ta kama hanya. La'asar ba ta yi ba sai ga hoton yana yawo a wayoyi, an rubuta a ƙarƙashinsa wai iyalan Mai Garma sun miƙa gado, uwargida ta ɗaga hannu ta sa albarka.

Wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma muna faɗin haka da babbar murya. Mun zauna da Mama Liyatu, ga abin da ta gaya mana da bakinta: "Ni ba albarka na sa ba. Cewa nake ya ajiye, ya ajiye. Na ɗauka gaishe ni suka zo yi, har na sa a kawo musu ruwa." Mace tana cikin kwana na biyu na rashin mijinta, a ɗauki hannun da ta ɗaga don ta kare mutuncinsa a mai da shi takardar shaida. Ba mu san da wace fuska mutum yake aikata wannan ba.

Cif Moses ɗan yankin nan ne, mun san mahaifinsa, manomi ne mai kunya da sanin ya kamata, sai dai albasa ba ta yi halin ruwa ba. Idan ya ce ya tashi a birni bai san al'adar ba, za mu iya ji, ko da yake mai neman wakiltar jama'a bai kamata ya rasa sanin yadda suke binne matattunsu ba. Amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wanda ya ɗaga garmar da hannunsa shugaban jam'iyya ne na gundumarmu, haifaffen garin nan, wanda aka sari kabarin ubansa da garmar ubansa yana tsaye. Shi ba zai ce bai sani ba.

Ranar Alhamis dattawanmu suka aika a dawo da ita. Amsar da aka ba mu ta fi laifin farko ciwo. Direba aka turo, da sababbin garemani guda uku daga kasuwar Minna, ruwansu na ƙyalli, an ɗaura musu ƙyalle mai launin jam'iyya, tare da saƙon cewa tsohuwar tana rataye a ofishin kamfen, ana bukatarta a taro, wai ai garma garma ce. Baba Zamani, dattijo mai shekara tamanin da ɗoriya, ya dubi kayan ya ce wa direban: "Ɗana, kai ba ka da laifi, kwashe ka mayar. Ba zan sa ƙanena a ramin garmar kasuwa ba." Ƙungiya tana bayan Baba Zamani a kan wannan magana, ba kuma za mu matsa masa ya sauya ta ba.

Saboda haka muna sanar da masu girma shugabannin jam'iyya, da sarakunanmu iyayen ƙasa, da limamai da fastoci, da dukkan jama'ar mazaɓarmu, matsayinmu. Doka ta ce idan ɗan takara ya rasu a sake zaɓen fidda gwani, ba ta ce a je gidan makoki a ɗauki hoto ba. Duk mai son kujerar ya fito a fili a gwada, kamar yadda marigayin ya yi. Iyalan Shekwolo ba su miƙa wa kowa komai ba, wannan ƙungiya ma haka, kuma 'ya'yanta da ke cikin wakilan zaɓe ba za su zauna da kowa a kan maganar magaji ba muddin Malam Yona bai shiga ƙasa ba. Muna neman a janye hoton nan, a fito a ba Mama Liyatu haƙuri a bainar jama'a kamar yadda aka yi mata ƙarya a bainar jama'a. Garmar kuma waɗanda suka ɗauke ta su dawo da ita da kansu, ba direba ba, ba ɗan aike ba, su ajiye motocinsu a bakin titi su tako da ƙafa su mayar da ita inda suka same ta.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Mama Liyatu, da 'ya'yanta, da Baba Zamani, da majalisar cocin da marigayin ya yi wa hidima, da duk manoman da suka yi rashin jagora. Allah ya sa ya huta, Allah ya ba iyalinsa haƙuri da ƙarfin zuciya, ya tsare musu bayansa, ya kuma ba mu haƙurin da ba za mu ɗauki doka a hannunmu ba. Muna roƙon matasanmu musamman, kada wanda ya je ofishin kamfen ɗin nan, kada wanda ya taɓa motar kowa.

Ga 'yan'uwa da abokan arziki da ke ta kiran waya daga nesa suna tambayar ranar da za su taso, muna ba ku haƙuri. An zaɓi wurin kabarin, an share shi, masu haƙa suna nan a shirye tun ranar Laraba. Har zuwa lokacin da muke sa hannu a wannan takarda, Malam Yona yana kwance a ɗakin ajiye gawa a Minna, kwana na huɗu ke nan, matarsa kuma tana zaune a ƙofar gida kusa da kujerarsa tana duban hanya.

Sa hannu:
Malam Jamil Sheshi,
Sakataren Watsa Labarai,
Ƙungiyar Manoman Doya ta Tungan Zamani da Kewaye,
Ofishin Fadikpe, Minna.