Sandunan Baban Emmanuel

Tungar Marke, ta Wara,
Farkon Agusta.

Zuwa ga maigidana, Baban Emmanuel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan ta same ka da sauƙi. Yaya jiki? Yaya hannun da ƙafar? Ina gajiyar Emmanuel da zaman jinya? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Na koma rubutu ne don waya ta ishe ni. Duk sa'ad da Emmanuel ya kara maka ita a kunne ni kaɗai ke surutu, ina jin ka kana kokawa da harshe, in kashe in zauna in yi ta kuka. Ya ce shanyewar jikin ba ta taɓa idonka ba, kana karatu sarai. To ga takarda, direban motar Sakkwato zai kawo.

Abin da ya faɗa mani ne ya hana ni sukuni. Wai abinci sai da roƙo kake karɓa, in mai motsa maka gaɓoɓi ya shigo sai ka juya fuska bango. Haba Baban Emmanuel! Wa ka bar wa ni?

Na san abin da za ka fara tambaya da bakin na tashi, don haka bari in faɗa maka. Sandunanka na sunuka, wasan nan na Turawa na buga ƙwallaye a kan tebur, suna nan ƙalau, duk goma sha ɗaya, tsaye cikin maratayinsu, ba wadda ta jingina da bango. Ka sha gaya mani sanda in ta jingina sai ta karkace, ni ko ina ce maka itace ne ba jariri ba. Yanzu ga ni kullum da safe da busasshen tsumma ina bin su ɗaya bayan ɗaya, daga baƙin gindi har zoben tagulla na baki. Na sake zuba kananzir a gwangwanayen da ƙafafun maratayin ke ciki saboda gara. Man nan naka na 'yar kwalba ya kusa ƙarewa. Na so in shafa man kaɗe, sai na tuna fuskarka ranar da na taɓa kawo shawarar, na fasa.

Wadda kake kira Tsohuwa na fi daɗewa a kanta, wadda mahaifinka Baba Samuel ya samo wurin Turawan da ya yi wa aiki lokacin ginin dam. Da na riƙe ta sai in ga inda tafin hannunsa da naka suka cinye fentin. Shekaru ina ganin ka fi kula da su bisa ni, kana tafiya har Minna da Jos neman sandar da wasu suka yar. Yau su ne kaɗai abin da ke ƙamshinka a gidan nan.

Ruwa na ƙaruwa. Ya cinye gonar shinkafar Ɗangana maƙwabcinmu, ya zo gindin mangwaro. Tsofaffi sun ce bana ba irin na bara ba ne. Don Allah ka ci abinci.

Taka har kullum,
Maman Emmanuel.

*

Makarantar firamare, Wara,
Satumba.

Maigidana,

Bayan gaisuwa da tambayar jikinka, da fatan Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaida Emmanuel. Kada ka tsorata da ganin inda na rubuto, ina da rai, ba abin da ya same ni. Amma gidanmu na cikin ruwa, kuma akwai abin da dole ka ji daga bakina.

Ranar Talata da hantsi bangon kicin ya zauna. Ɗangana ya zo da jirginsa ya ce in fito da abin da zan iya, sawu ɗaya zai yi, don iska na tasowa. Na tsaya tsakar ɗaki ruwa har ƙauri ina duban keken ɗinkina, ina duban buhunan gero, ina duban sandunan. Na ɗaure keken a kan rumbu na bar wa Allah. Sandunan na naɗe su cikin zannuwana na zuwa coci, na sa leda, na ɗaure wuri uku yadda ba za su gogi juna ba. Mutanen cikin jirgi suka yi ta kallona. Wata ta ce mace ta bar hatsi ta ɗauko itace. Na rungume su a tsaye tsakanin gwiwoyina.

Mun yi nisa kaɗan sai jirgin ya hau kututture, irin na itatuwan da tafkin dam ya haɗiye tun da. Ya tangaɗa, injin ya mutu. Zulai'atu matar Ɗangana na zaune a baki da tukwane, sai kawai muka ga ba ta. Ka san ita 'yar tudu ce, daga Shanga aka kawo ta, ba ta iya ruwa ba. Gorar tuƙi ta bi ta. Ɗangana na can baya yana danne jirgin kada ya kife da mu duka, yana ihu, ba halin ya saki. Ta ɓullo kusa da ni, hannuna bai kai ba.

Ban yi tunani ba. Na yage ledar da haƙori na zaro wadda hannuna ya fara kamawa, na miƙa mata. Ta cafke, ta nutse da ita, ta sake ɓullowa, ni da wata mata muka ja har ta kama bakin jirgi. Sai da aka kwantar da ita tana aman ruwa na duba abin da ke hannuna. Tsohuwa ce.

'Yar fatar bakinta da ke bugun ƙwallo ta tafi, zoben ya tafi. Ta sha ruwa, kuma a nan ajin da aka zuba mu mu fiye da talatin ba inda iska ke ratsawa. Na goge ta, na tsayar da ita, na hana kowa taɓawa. Jiya na roƙi mai gadi ya buɗe mani ofishin hedimasta, na mirgina ta a kan tebur yadda kake yi in kana duba ko sanda ta karkace. Tana tafiya tana ɗaga kai kamar gurguwar akuya. Na mirgina ta har sau nawa ban sani ba, ko za ta canza.

Sauran goma lafiyarsu lau. Zulai'atu ma ta tashi, tana gaishe ka, kullum sai ta zo ta zauna kusa da ni.

Ba na nadama, ko yau aka sake zan miƙa. Amma tsoro nake ji. Emmanuel ya ce takardata ta farko ka sa an ajiye maka ita ƙarƙashin matashi, har ka sha kunu ranar. Yanzu ga wannan. Na yi niyyar ɓoyewa, na ga ban taɓa yi maka ƙarya kan sandunan nan ba ko lokacin da nake jin haushinsu. In za ka yi fushi ka yi da ni, kada ka yi da abinci.

Akwai wani Bafulatani, Zaidu, da ke kawo nono nan. Ya duba ta ya ce su da wuta suke miƙar da sandar kiwo, a gasa a hankali a danne, ya ce zai yi mani kyauta. Ban san abin da zan yi ba. Ba wanda zan tambaya duk ƙasar Ngaski sai kai, kai kuma ga yadda kake. Ban san inda za mu koma ba, ban san ko rumbun na tsaye ba. Na gaji, Baban Emmanuel. Na gaji ƙwarai.

Matarka,
Maman Emmanuel.

*

Wara,
Oktoba.

Baban Emmanuel,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida mai jinya. Yaya ƙarfin jiki?

Kwanakin da suka bi bayan takardata ba na so in sake ganin irinsu. Emmanuel ya kira ya ce ka karanta, ka rufe ido, ranar ko ruwa ba ka sha ba. Washegari ma haka. Na je coci na durƙusa na kasa addu'a, sai faɗi nake na kashe shi, na kashe shi da hannuna. Na ɗaure kaya zan taho Sakkwato, aka ce hanya ta yanke wajen gada, motoci ba sa wucewa. Har na aika a kira Zaidu, na ce ko da wuta ne a miƙar da ita in aiko maka ka gani.

Zaidu na hanya sai direba ya iso da 'yar takarda, da jirgi aka tsallako da shi wajen gadar. Na ɗauka rubutun Emmanuel ne, na zauna ƙasa kafin in buɗe. Sai na ga haruffa manya, a karkace, kamar kaza ta bi ta kan rairayi. Emmanuel ya ƙara a ƙasa cewa da hannun hagu ka yi, kai ka nuna biro da kanka, ka yini kana yi kana yagewa, ka hana shi taimaka maka.

Wata uku ban ji kalma ɗaya daga gare ka ba. Gida ya rushe, na kusa ganin mutuwa da idona, ina kwana kan benci. Abin da ka rubuto mani shi ne: BAN DA WUTA. RATAYE TA. DUTSE A GINDI.

Na yi dariya har matan ajin suka taru, daga nan ta koma kuka, Zulai'atu ta riƙe ni. Ko yaya kike babu! Kai dai ba za ka canza ba, kuma na gode wa Allah da ba ka canza ba.

Na ba Zaidu haƙuri, na sayi nononsa. Yanzu muna ɗaki guda a gidan fasto. Na ɗaura igiya a bakin Tsohuwa na rataye ta a azara, nesa da taga, na ɗaura ɗan dutsen niƙa a gindinta. Ban sani ba ko nauyin ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ban san tsawon lokacin da za ta yi a haka ba, ban san inda ake samun zobe da fata ba, man kwalbar ma ya ƙare. Duk wannan ba wanda ya sani sai kai, ni kuma ba zan tambayi kowa ba.

Emmanuel ya ce ka yarda an tsayar da kai jikin gado, ka ci tuwo. Ka ci gaba. Ruwa ya fara ja, an ce kan rumbunmu ya fito. In hanya ta buɗe ina tafe, zan zo da takarda da biro masu yawa, ka shirya hannun hagun nan. Tambayata ta farko ba ta sanda ba ce, ta ni da kai ce, kuma sai ka amsa ta kafin in faɗa maka ko Tsohuwa ta fara miƙewa.

Allah ya tashi kafaɗunka.

Taka,
Rachel, Maman Emmanuel.