Guntun Fatar da Ya Faɗi

Urushalima, Laraba

Baba,

Gaisuwa da girmamawa. Yaya gwiwar? Ina fata Inna tana hana ka hawa tsani, ko da yake ba ka jin magana.

Tun da na kama aikin gyaran tsofaffin fatun Attaura da aka tono a kogunan hamada ka daina amsa min wasiƙa. Ka ce littafi mai tsarki in ya tsufa binne shi ake yi kamar mutum, ba a baje shi a gilashi. Duk da haka kai kaɗai zan iya faɗa wa wannan.

Jiya ina ɗaga wani guntu da bai kai tafin hannun jariri ba, ya suɓuce min, ya faɗi ƙasa. Bai karye ba. Abokan aikina suka duba, suka tafi shan shayinsu. Ni kuwa a gidanka na tashi, na san in Attaura ta faɗi azumi ake yi, ga shi likita ya hana ni saboda cikin nan da nake ɗauke da shi. Ko guntun da ba shi da cikakkiyar aya bai kai a yi masa azumi ba? In ka ce tarkace ne, zai fi min shirunka ciwo.

'Yarka,
Mazal

Urushalima, Lahadi

Babana,

Ina gaishe ka, ina gaida gwiwar ma.

Inna ta tona maka asiri. Ta ce ka karanta wasiƙata, ka yi tsaki, ranar Alhamis kuma ko ruwa ba ka taɓa ba har rana ta faɗi. Wai ba ka jin yunwa, kai da ba ka barin saura a kwano! Na yi kuka sosai. Na gode, Baba. Ka ɗauke min nauyi ni da jikanka.

Kalmomin da ke kan guntun daga addu'ar nan ce da ka koya min ina kan cinyarka. Da na haɗa haruffan, muryarka na ji.

Inna ta ce tambaya ɗaya ka yi, ko na sumbace shi da na ɗauka. Ba a yarda leɓe ya taɓa shi ba. Na taɓa shi da safar hannuna, na sumbaci safar, yadda kake taɓa Attaura da gezar mayafin addu'arka a majami'a, ka sumbaci gezar.

Ka amsa min da hannunka wannan karon, ko faɗa ne.

'Yarka mai ƙaunarka,
Mazal