Takardar da Ta Wanke Yayana Tana Jiran Hatimi

Zuwa ga Mai girma Magatakardan kotun tarayya da ke sauraren ƙararrakin yankinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan ofishinka, ranka ya daɗe, ni sunana Haladu, malamin firamare ne a Dutse, ina zaune a Yalwawa. Na zaɓi in rubuto maka a fili saboda wasiƙu biyu da na bari a ofishinka an karɓe su da fara'a, an buga musu lamba, daga nan ban sake jin ɗuriyarsu ba. Kada ka ɗauka faɗa na zo yi. Yawancin abin da ke bakina godiya ce, ƙorafin ɗan kaɗan ne, sai dai yana da wa'adi.

Maganar ta yayana ce, Malam Sa'idu. Shi ne na'ibin limamin ƙauyenmu da ke bayan Kiyawa, kuma ya yi shekaru yana riƙe da makullin siton taki na wata ma'aikatar tarayya. Bayan an ba mu jiha aka shiga rabon kaya da takardu, masu bincike suka zo suka ce buhu arba'in ba sa nan. Yaya ya ce an kwashe su zuwa wani sito da izinin na sama, kuma an sa hannu. Aka nemi takardar da aka sa wa hannun, sama ko ƙasa. Ba a yi wata biyu ba masinja ya zo a kan babur har ƙofar gida da takardar kora, mai unguwa ya sa aka fassara ta a gaban mutane. Tun daga ranar Yaya bai sake jan sallah ba. Ba wanda ya hana shi. Shi ne ya ce ba zai tsaya a gaban jama'a ba alhali akwai zuciyar da ke tambayar ina taki ya shiga.

Ga abin da muka gani a tafiyarmu, bi da bi.

Na ɗaya. Mun fara da kotun alƙali, don ita muka sani tun kakanni. Alƙali ya saurare mu tsaf, sannan ya ce hannunsa bai kai nan ba. Muka je babbar kotun jiha, aka ce tunda da hukumar tarayya muke ja, sai kotun tarayya. A lokacin na ɗauka wasa ake mana da hankali. Yanzu na gane kowace kotu da gonarta, kuma wanda ya yi shuka a gonar wani ba shi zai girba ba. Da a ce tun ranar farko wani ya zaunar da mu ya yi mana wannan bayani, da mun huta da damina guda ta yawo.

Na biyu, kuma yabon gwani ya zama dole. Sau goma sha ɗaya muka yi sammako daga tashar Dutse zuwa birni, inda kotunku take, sau shida a ciki ɗage shari'ar aka yi muka juyo. Amma ba a taɓa wulaƙanta mu ba. An ba Yaya tafinta mai haƙuri, wanda ba ya gajarta masa magana. Da ya ce shi da Alƙur'ani zai rantse, aka jira shi ya fita ya yi alwala. Na tausaya wa lauyoyi da baƙaƙen rigunansu da hular gashin nan a tsakiyar bazara, har Yaya ya ce mini duk wanda ya jure wannan shiga saboda maganar wani ya cancanci addu'a. Mai shari'a kuwa, Allah ya saka masa da alheri, shi ya matsa sai an kawo tsohon fayil ɗin da aka bari a hedikwatar da, lokacin rabon jiha. Aka kawo, aka buɗe, sai ga takardar kwashe taki da sa hannun mutum uku. Ya yanke hukunci cewa korar ba ta bisa ƙa'ida, kuma babu ƙwayar taki ɗaya a wuyan Malam Sa'idu. Na ga yayana yana share hawaye da bakin rawani, ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Na uku, kuskurenmu, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A kotun alƙali, idan an yanke hukunci an gama, domin rabin gari na zaune a wajen, kafin ka isa gida labari ya riga ka. Da wannan tunani muka fito daga kotunku. Muka yi hamdala, muka yi wa lauyanmu godiya, muka hau mota. A gida aka yanka rago, aka yi sadaka. Sannan muka zauna jiran masinja, a zatonmu yadda takardar kora ta san hanyar gidanmu, haka takardar wankewa za ta sani. Wata takwas muna jira. Duk babur ɗin da ya shigo ƙauye sai matar Yaya ta leƙo. Ashe kwafin hukunci ba ya zuwa da ƙafarsa, sai an rubuta an nema, an biya kuɗin da doka ta ce, an karɓi rasit. Lauyan ya ɗauka mun sani, mu kuma ba mu san akwai abin tambaya ba. Wani maƙwabcina a Yalwawa, tsohon akawu, shi ya yi mini dariya har da riƙe ciki, sannan ya rubuta mini takardar neman.

Na huɗu, ga inda gizo ke saƙar. Na nema, na biya, rasit na aljihuna. Mai buga tafireta ta buga, shafi bakwai. An gwada shi da rubutun hannun mai shari'a, an ce ya yi daidai. Abin da ya rage hatimi da sa hannu. To jami'in da ke riƙe da hatimin an yi masa canjin wurin aiki, wanda aka turo a madadinsa kuma ya ce ba zai taɓa durowar da hatimin ke ciki ba sai an miƙa masa aiki a rubuce. Ban ga laifinsa ba, mu da muka san abin da rashin takarda ɗaya ya ja wa gidanmu. Amma sau uku ke nan ina zuwa, ina ganin shafukan nan bakwai da idona a kan tebur, an danne su da kofin shayi don kada fanka ta kwashe su. Na roƙi a ba ni ko na minti goma in yi musu hoto, aka ce takardar da ba hatimi ba ta fita. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Wataƙila ka ce, ai an wanke shi, saurin me ake? Ranka ya daɗe, an wanke shi ne da Turanci, a ɗakin da mutum biyu kacal daga ƙauyenmu suka shiga, shi da ni ƙaninsa. Dattawa sun yarda da maganata, sun je har zaure sun roƙe shi ya koma gaba. Ya ce shaidar ƙani ga wansa ba ta kashe zargi, takarda ce ta ɓata shi a gaban jama'a, takarda ce za ta gyara. Na yi masa magiya har na gaji. Taurin kai ne, na sani, amma irin taurin kan da ya sa aka ba shi makullin sito tun farko.

Yanzu Baba Liman ya tsufa, gwiwa ta ƙi, a zaune yake sallah. Dattawa sun yanke cewa kafin azumi za a tsayar da wanda zai gaje shi, domin asham ba ta jira. Sun ce Malam Sa'idu suke so, amma ba za su naɗa wanda ya ƙi tsayawa a gaba ba. Ga shi yau muna cikin Rajab.

Don haka ina roƙon abu uku. Ka sa a kammala miƙa aikin nan, ko kai da kanka ka buɗe durowar ka buga hatimin, tunda ofishin naka ne. Ka sa a liƙa sanarwa da Hausa a ƙofar ofis, da boko da ajami, cewa wanda ya ci shari'a sai ya nemi kwafin hukunci da kansa. Sannan a umarci tafinta ya riƙa faɗa wa mutanen karkara haka tun kafin su kai bakin ƙofa, don ba mu kaɗai ne masu zuwa da tunanin kotun alƙali ba.

Ba na neman a hukunta kowa. Kotunku ta yi mana adalcin da mutane da yawa suka ce talaka ba ya samu, kuma duk inda na zauna ina faɗa. Idan takardar ta fito kafin ganin watan azumi, zan kai ta da hannuna, in tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar in fassara ta shafi bayan shafi. Idan ba ta fito ba, za a naɗa wani, za mu bi shi sallah da zuciya ɗaya, ba gaba ba ƙiyayya. Sai dai yayana, mai shekara sittin da ɗoriya, wanda ya koya wa rabin masallacin nan Fatiha, zai ci gaba da tsayawa a sahun ƙarshe kusa da takalma, bayan mai shari'a ya ce ba shi da laifi.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama aiki lafiya, ya tsare ka daga zargin abin da ba ka aikata ba. Allah ya sa ranar da za ka nemi taka takardar a ba ka ita a hannun dama.

Wassalam.

Naka mai fatan alheri,
Malam Haladu, Yalwawa, Dutse.