Tukunyar da Inna Hajo ta maido

Cadakori, daren Laraba



Yau aka raba kayan agaji a filin lakol, wato makaranta, ga mutanen da ƴan bindiga suka koro daga ƙetaren iyaka. Ni aka sa wajen rabon tukwane. Ina ɗaga kai sai ga Inna Hajo, ƙawar mahaifiyata, wadda na sha cin tuwonta ina yarinya, gidanta kullum cike kamar kasuwa. Da ƙyar na gane ta don rama. Na zaɓo tukunyar da ta fi girma na miƙa mata, wai ni na kyauta.

Ta leƙa cikinta, ta maido mini.

"Ɗiyata, ba ni ƙarama."

Na ce, "Haba Inna, duk yawan gidanki?"

Ta ce, "Ni da jikata muka rage. In na ɗora wannan, hannuna zai auna na mutum goma sha ɗaya ban sani ba."

Ko gaisuwar rashi ban yi mata ba. Tukunya kawai na sauya mata, kuma ita ce ta yi mini godiya.