Wayar Birkin da Na Naɗe a Hawan Muƙaɗɗam

Ma'adi, Alƙahira

Zuwa ga Yaya Kulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kin yi Sallah lafiya ke da yara, Ya ƙara wa Inna sauƙin gwiwarta. Iyalina, Nana Fatima da 'yan biyu, suna nan ƙalau. Yaya, ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Ɗanki Harun yana da rai, yana magana, amma kwanansa tara a asibiti an yi ta fama a ceto ƙafarsa ta dama, kuma ba na so ki ji yadda abin ya faru daga bakin kowa sai nawa.

Jajibirin Sallah muka tafi ɗauko san layya na ɗalibanmu da ke karatu a nan. Maƙwabcina Fadl ya ara mana motarsa da ƙaramar tirelar da ake jona mata a baya. Akwai wata siririyar wayar ƙarfe a wuyan tirelar. Fadl ya ce in maƙala ƙugiyarta a zoben da ke jikin motar, in bar ta da ɗan sako-sako, don in tirelar ta ɓalle, wayar ce za ta fizgi birki ta tsayar da ita. Na ce masa tamam, wato na gane, alhali rabin kunne na ba shi. Kin san ni da iyayi. Da na ga tana lilo, sai na naɗe ta tsaf a wuyan tirelar kanta, yadda Baba ya koya mana naɗe ragowar igiya a amalanke. Har yaba wa kaina na yi.

A hawan dutsen Muƙaɗɗam muka faɗa rami, mahaɗin ya tsinke. Ta madubi na ga tirelar tana komawa baya da gudu, sa a ciki yana ta harbi. Harun na biye da mu a babur. Ta kwashe shi ta maka da katanga, ta murƙushe babur ɗin a kan ƙafarsa. Na ji karayar ƙashin daga inda nake. San ya fasa ƙofar tirelar ya fito da ƙaho guda a karye, jini na tsiyaya, ya tattake wani mai sayar da lemo. Mu shida muka ɗaga ƙarfen, Harun yana ihu yana kiran sunanki. Fadl ya iso ya ga wayar a naɗe, ya shaƙe ni har idona ya yi ja, ban ko ɗaga hannu ba.

Yaya, jiya da hantsi likita ya ce naman ya mutu, sun yanke ta daga ƙasan gwiwa. Ni na sa hannu a takardar. Da ya farfaɗo ya roƙe ni in rubuta miki cewa ƙaddara ce kawai. Ƙaddara ce, amma hannuna ne ya naɗe wayar, kuma ina jin kunyarki fiye da yadda zan iya faɗa.

Ki gaida Inna, da Malam Rilwanu, da Husseina. Ko me za ki ce mini, ki faɗa, ina saurare.

Ƙaninki,
Tijjani